Ɗan Jagoran Da Ke Ƙirga Sawunka

Manhajojin nuna hanya irin su Google Maps da Waze sun sauƙaƙa tafiya ga direba da baƙo. Sai dai manhaja ba ta nuna maka hanya sai ta san inda kake, kuma abin da ta sani tana iya adanawa: gidan da kake kwana, asibitin da kake zuwa, da mutanen da kake ziyarta.

A watan Agustan 2018, binciken kamfanin dillancin labarai na AP ya gano cewa Google na ci gaba da adana wuraren da mutane suke zuwa ko da sun kashe maɓallin tarihin wurare, domin akwai wani maɓalli dabam da ke tattara bayanan. A Nuwamban 2022 kamfanin ya amince ya biya jihohi 40 na Amurka dala miliyan 391.5 domin a kashe maganar.

Masu cinikin irin waɗannan bayanai sukan ce ai babu sunan kowa a ciki. Wannan hujja ba ta da ƙarfi. Wani nazari da aka wallafa a 2013 kan zirga-zirgar mutum miliyan 1.5 ya nuna cewa wurare huɗu kacal, tare da lokutan da aka je su, sun isa a bambance kashi 95 cikin ɗari na mutanen. Wayar da ke kwana a gida ɗaya, ta wuni a ofis ɗaya, ta riga ta faɗi sunan mai ita.

Bayanan kuma suna da kasuwa. A 2020 aka bankaɗo cewa manhajar Muslim Pro, mai nuna alƙibla da lokutan salla, tana miƙa bayanan wurare ga dillalin X-Mode, wanda cikin masu sayen hajarsa har da ’yan kwangilar sojin Amurka. Manhajar ta yanke hulɗa da dillalin, amma abin da ya fita ya riga ya fita.

Don haka kada ka ba manhaja izinin sanin inda kake sai lokacin da kake amfani da ita, kuma ka riƙa goge tarihin tafiye-tafiyenka. Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ba ɗan ƙasa damar neman a goge bayanansa. A ƙasar da masu garkuwa da mutane ke biyan ’yan leƙen asiri don sanin lokacin fitar mutum da dawowarsa, wannan haƙƙi ba abin wasa ba ne.