Mai Wurin Shaƙatawa da Kwaɗayin Jirgin Sama

A watan Janairun 2022, lokacin gasar cin kofin Afirka, Garwa ta cika ta batse. A filin Roumdé Adjia Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema, a nan kuma Tunisiya ta fitar da ita daga baya. Masu otal da masu babur da masu tsire duk sun san an yi baƙi, jirage kuwa wannan na sauka wancan na tashi. Tun daga lokacin wata magana ta zauna a bakin 'yan kasuwarmu. Wai da wani attajiri zai gina katafaren wurin shaƙatawa a bakin kogin Binuwai, da lilo da wurin ninkaya da masauki, ya haɗa da kai baƙi kallon namun daji, sannan ya sayi jirgin sama na kansa yana kwaso mutane daga Duwala da Faris, da garin nan ya warke. Na daɗe ina sayar da tikiti da shirya wa baƙi tafiya daji, kuma babu abin da nake so kamar in ga Garwa cike da masu yawon buɗe ido. Amma maganar sayen jirgi ba na tare da ita.

Ba na ganin laifin masu wannan buri, domin nisa ne ya haife shi. Jirgin ƙasan da ke tasowa daga Yawunde a Ngaundare yake tsayawa, bayan an kwana ana tafiya. Daga nan sai mota, a gangaro dutsen nan mai kwana-kwana, a ci fiye da kilomita 250 kafin a hango gadar Binuwai. Ta sama kuma, kamfanin Cameroon Airlines da aka kafa a 1971 ya rufe a 2008, wanda ya gaje shi, Camair-Co, ya fara tashi a 2011 da jirage ƙalilan, yana jingine da aljihun gwamnati. Wanda ya zuba dukiyarsa a masauki dole ya ji ƙaiƙayin cewa ƙofar da baƙinsa ke shigowa ba a hannunsa take ba.

To bari mu duba wanda ya fi kowa dalilin sayen jirgi a duniya. Kamfanin Disney ya buɗe babban dandalinsa na wasanni kusa da birnin Orlando na Amurka a watan Oktoban 1971. Yau ɓangare ɗaya kawai na wurin yana karɓar mutum fiye da miliyan 15 a shekara, da yawansu ta jirgi suke zuwa. Kuɗin sayen jirage ɗari bai gagare shi ba, amma bai taɓa buɗe kamfanin jigilar fasinja ta sama ba. Abin da ya yi, ya bar wani kamfani mai suna Eastern ya riƙa kiran kansa jirgin Disney, Eastern ɗin ne ma ke ɗaukar nauyin wani ɗakin wasa a cikin dandalin don tallar kansa. A ƙarshen shekarun 1980 kamfanin Delta ya karɓi wannan matsayi. Da Eastern ya durƙushe a Janairun 1991, ko ƙofa ɗaya ba a rufe a dandalin ba, sauran kamfanoni suka ci gaba da kawo fasinja. Ko motocin da suka yi ta kwaso baƙi kyauta daga filin jirgi zuwa otal-otal ɗinsa, daga 2005 zuwa farkon 2022, wani kamfanin sufuri ne ke tafiyar da su, sunan Disney kawai aka shafa musu. Jiragen ruwa kam ya saya, tun 1998, saboda a jirgin ruwa tafiyar ita ce hutun: a ciki ake kwana, a ci, a yi wasa, a kashe kuɗi. Kujerar jirgin sama kuwa babu mai biyanta don daɗinta, kowa so yake ya isa ya sauka.

Wanda bai taɓa leƙa lissafin jirgi ba yana zaton kuɗin saye ne matsala. Ba shi ba ne. Jirgi kamar dokin Lamido yake, ko an hau shi ko ba a hau ba sai ya ci harawa, sai an biya mai kula da shi, alhali ranakun hawa ƙidayayyu ne. Yawancin kamfanoni haya suke ɗaukar jirgi, kuɗin hayar da dala ake biya duk wata, ko ya tashi ko yana ajiye. Ga inshora. Ga matuƙa, waɗanda doka ta ƙayyade musu sa'o'in aiki, don haka jirgi ɗaya yana buƙatar rukuni fiye da ɗaya, kuma kowane sai an riƙa tura shi sabunta horo. Ga binciken lafiyar jirgi da ake yi bisa ƙidayar sa'o'in tashi, babba daga ciki yana ɗaukar makonni, galibi a ƙasar waje. Kenan mai jirgi ɗaya tilo, ranar da aka kwance masa inji ba shi da kamfani, sai baƙi cike da zaure da haƙurin da zai yi ta bayarwa. Man jirgi kuma daga kudu ake hauro da shi, ya iso mana da tsadarsa. Duk wannan kafin a zo ga lasisin hukumar kula da sufurin jiragen sama, wadda ba ruwanta da cewa kai mai otal ne. Kamfanonin jiragen duniya, in aka haɗa su jimilla, ribar da ke rage musu a shekara mai albarka ba ta cika wuce kashi 5 cikin 100 ba.

Sai ka ɗora wannan a kan yanayinmu. Kallon namun daji a arewacin Kamaru sana'ar rani ce. Daga wajen Disamba zuwa Afrilu ko Mayu ciyawa ta bushe, dabbobi sun taru a bakin ruwa, hanya ta taku. Da damina ta sauka hanyoyin cikin gandun Binuwai da Faro da Buba Njidda sun zama laka, ciyawa ta fi mutum tsawo, sansanonin baƙi su rufe. A cikin ranin ma, Maris da Afrilu zafin Garwa kan haura digiri 40, ba kowane baƙo ke iya masa ba. Wata shida ko bakwai mai jirgi zai yi yana ciyar da abin da ba ya kawo masa ko sefa. Zai ce ai sai ya ɗauki 'yan kasuwa da ma'aikatan kamfanin auduga na Sodecoton da ɗalibai. Shi ke nan, ya zama mai kamfanin sufuri, hankalinsa ya koma kan farashin tikiti da jadawali, wurin shaƙatawar da ya fara dominsa ya koma hannun yara.

Akwai wani Bafaranshe, Maurice Freund, da labarinsa ya fi na Disney kusa da mu. Ƙungiyarsa ta yawon buɗe ido, Le Point Mulhouse, ta kafa kamfanin jirginta, Point Air, tana kai Turawa Wagadugu a farashi mai rahusa a shekarun 1980, kafin shekarun su ƙare komai ya rushe. Da ya dawo a tsakiyar shekarun 1990 da sabon kamfani, Point-Afrique, shatar jirgi ya riƙa yi a lokacin sanyi zuwa Gawo da Agadas da Atar ta Muritaniya. Mutanen Agadas sun ci moriyar wannan sosai, daga masu raƙuma har maƙeran azurfa. Da tawaye ya dawo arewacin Nijar a 2007, satar Turawa ta biyo baya, jiragen suka daina zuwa. Ko babban kamfanin nan na Ingila, Thomas Cook, mai otal da jiragen kansa, bashi ya kayar da shi a Satumban 2019, sai da gwamnati ta yi hayar jirage ta kwaso mutum kusan 150,000 da suka maƙale a ƙasashen waje.

Batun tsaro irin na Agadas shi ne ya fi ci mini rai, domin a kan idonmu aka yi. A Fabrairun 2013 'yan Boko Haram suka sace wasu iyalin Faransawa su 7, har da yara 4, kusa da Dabanga, bayan sun fito daga gandun Waza. An sako su bayan wata biyu, amma Faransa ta riga ta shafa wa yankin Arewa Mai Nisa jan launi a taswirar gargaɗinta. Daga ranar masu ja-gora a Rumsiki da masu masauki a Marwa suka shiga halin ni 'yasu, mu ma a Garwa abin ya shafe mu, don baƙo ba ya bambance Waza da Binuwai. Shekara ɗaya kafin nan, a farkon 2012, mahara a kan dawakai sun shiga Buba Njidda sun kashe ɗaruruwan giwaye saboda haure. Baƙar karkandar yammacin Afirka, wadda dajinmu ne mafakarta ta ƙarshe a duniya, a 2011 aka sanar da cewa ta ƙare ƙurmus. Filin jirgin Garwa yana nan da doguwar hanyarsa duk tsawon waɗannan shekaru, manyan jirage na iya sauka. Rashin jirgi bai kore mana baƙi ba. Tsoro ne ya kore su, da raguwar abin kallo.

Akwai inda nake yarda da mallakar jirgi, amma ƙarami. A Botsuwana kamfanin Wilderness, mai sansanoni a fadamar Okavango, yana da reshensa na jirage, irin masu ɗaukar mutum 12 ko ƙasa da haka, suna kwasar baƙi daga garin Maun zuwa cikin daji. Dalili shi ne babu hanyar mota zuwa yawancin sansanonin, sansanonin suna da yawa, kuma baƙon da ke biyan kuɗi mai kauri a kwana ɗaya ba zai ji nauyin kujerar ba. Amma ko su ba sa ɗauko kowa daga Landan. Manyan kamfanoni ke kawo baƙo Maun, su kuma su ƙarasa da shi. Irin wannan zai iya aiki tsakanin Garwa da Buba Njidda ko Faro, idan masu sansanonin farauta da na kallo suka haɗa kai suka cika kujerun tare.

Don nesa kuwa, dabarar tana gabanmu duk shekara. Lokacin aikin Hajji filin jirginmu ke cika, kuma babu hukumar alhazan da ta sayi jirgi don tafiyar makonni. Shata ake yi. A Najeriya da jigilar alhazai Kabo Air na Kano da Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal suka yi suna, su sana'arsu jirgi, hukuma kuma ta kawo fasinja da aka riga aka ƙidaya. Mai wurin shaƙatawa zai iya yin haka: ya sayi kujeru 20 ko 30 a jirgin da dama yake zuwa, duk mako daga Disamba zuwa Afrilu, ya haɗa su da ɗaki da mota da ja-gora a farashi ɗaya. In kasuwa ta buɗe ya yi shatar jirgi sukutum, in ta rufe asararsa ta tsaya a kaka ɗaya.

Ragowar kuɗin, da ni za a tambaya, ƙasa zan zuba su. A gyara hanyar shiga sansanin Buffle Noir da ke gandun Binuwai, a samu ruwa da wutar sola a ɗakuna, a ɗauki yaran da Makarantar Namun Daji ta Garwa ke yayewa tun 1970 a biya su albashin da zai hana su kau da kai idan maharbi ya shigo. Sannan a waiwayi baƙon da muke rainawa. Yola maƙwabciyarmu ce, a gasar 2022 mun ga yadda mutanen Adamawa da Kano suka tsallako a mota, da iyalansu da kuɗinsu. Ga ma'aikatan Ngaundare da Marwa, ga 'yan makarantar Garwa da yawansu ba su taɓa ganin ɓauna ko gwanki ba, dorinar ƙarƙashin gada kawai suka sani. Waɗannan bas mai sanyi suke buƙata, da farashin da uba mai 'ya'ya biyar zai iya biya, da jami'an kan iyaka da ba za su tsare su rabin yini ba.