In injin ban ruwa yana haki yana mutuwa



Noman rani ya kankama cikin kwarurruka, daga Gidigir har Bune. Kun san halin ƙasarmu: rairayi ne, ba ya riƙe ruwa. Albasa ko shu da aka dasa, in suka kwana 3 babu ban ruwa, sai su yi yaushi, wahalar wata guda ta tafi banza. Shi ya sa yau za mu yi magana kan ciwon da ya fi damun injin ban ruwa: muryarsa ta riƙa hawa tana sauka kamar mai haki, can sai ya mutu.

Yawanci wannan ba babban ciwo ba ne. Kada ku yi gaggawar kwance inji ko ɗora shi kan amalanke zuwa gari. Ku bi shi daki-daki, ku fara da abin da ba ya cin kuɗi.

1. Ku dubi ruwan

In ruwa na fitowa yana yankewa, da kumfa, to iska ce ke shiga tiyon da ke tsotso. Nauyi na zuwa wa inji yana tafiya, shi ya sa muryarsa ke sauyawa. Ku ƙara ɗaure bakin tiyo, ku nemi huji, ku tabbata rariyar da ke ƙarshensa ta nutse sosai, ba ta kwanta kan yashi ba. Irin wannan famfo ba ya jan ruwan da zurfinsa ya wuce mita 7 ko 8. Kada kuma ku bar shi yana juyawa babu ruwa a cikinsa, robar da ke hana yoyo za ta ƙone.

2. Gwaji da sitata

In ruwa lafiya lau, ku koma ga ɗan hannun nan da kuke rufewa in za ku tada inji da sanyin safe, wato sitata. Inji na aiki, ku rufe shi rabi. In murya ta daidaita, to mai ne ba ya isa. In kuwa ya ƙara shaƙewa yana baƙin hayaƙi, iska ce ba ta isa. Gwaji ne kawai. Kada ku yini kuna ban ruwa da sitata a rufe: mai zai ƙare da wuri, buji ya yi baƙi.

3. In mai ne ba ya isa

Ku fara da murfin tanki. Akwai ƴar kafar iska gare shi. In ƙura ta toshe ta, inji zai yi aiki kaɗan ya mutu. Ku sassauta murfin. In ya warke, kun gane.

Sai ku kashe inji, ku bari ya huce, ku rufe famfon mai. Ku kwance ɗan ƙoƙon da ke ƙarƙashinsa da na ƙasan karburata, ku juye cikin farar kwalba. Ruwa ya fi isansi nauyi, za ku gan shi kwance a ƙasa tare da yashi. Ku wanke ƙoƙunan da isansi mai tsabta.

Cikin karburata akwai ɗan ƙarfe mai huji kamar kafar allura, makanikai na kiransa jikler. Ƙwayar yashi guda ta isa ta toshe shi. Ku hura shi da famfon keke. Kada ku soka masa allura ko waya, hujin zai faɗaɗa, inji ya koma shan mai har abada.

Man kwalba na bakin hanya, ku tace shi da ƙyalle mai tsabta kafin ku zuba. Man da ya yi watanni cikin tanki kuwa danƙo yake bari, ku zubar da shi.

4. In iska ce ba ta isa

Ku buɗe matacin iska. Soson ku wanke da ruwa da sabulu, ya bushe sarai kafin ku mayar. Na takarda ku kakkaɓe shi kawai. Lokacin hunturu da hazo, ku duba shi kowane mako. Kada ku cire shi ku yar: rairayi zai shiga ya cinye cikin inji.

5. Baƙin mai da buji

Waɗansu injuna na kashe kansu in baƙin mai ya ragu, ko in an ajiye su a karkace. Ku daidaita mazauninsa, ku auna man. Inji irin Honda GX160 yana ɗaukar kamar litir 0,6, ana sauya shi bayan awa 100 na aiki. Buji mai lafiya launin ƙasa gare shi, tsakanin bakinsa milimita 0,7 zuwa 0,8. In ya yi baƙi, ku goge shi ko ku sa sabo.

Gargaɗi biyu

Na farko, akwai sandar ƙarfe da ƴar waya mai tsalle da ke daidaita gudun inji. In yana haki za ku ga tana kai da komo. Ba ita ce da laifi ba, ƙoƙari take ta gyara. Kada ku lanƙwasa ta. In kun bi duk matakan nan bai warke ba, sannan ku nemi makanike.

Na biyu ya shafi rai. Wanda ya sauke inji cikin rami ko rijiya don ya kusanci ruwa, kada ya shiga gyara inji na aiki, ko da ya mutu yanzu-yanzu. Hayaƙinsa na da guba marar wari, tana taruwa cikin rami, tana kashe mutum. Ku jawo shi sama da igiya. Ku hana yara shiga.

Rigakafi ya fi magani. Ku da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, ku karanta wa maƙwabtanku na garka wannan takarda, ku ajiye ta kusa da inji. Mai tambaya ya zo wajen malamin gona ranar kasuwa.

Allah ya ba mu rani mai albarka, amin.