Hanyar Rage Kuɗin Dakon Manyan Lasifikoki Daga Ƙasashen Waje

Kwamitocin masallatan Juma'a, da makarantun Islamiyya, da masu ba da hayar kayan sauti a wajen biki da gangami a ƙananan hukumomin Jega, Aliero da Maiyama sukan yi sha'awar sayo lasifika da amfilifaya kai tsaye daga Guangzhou ta ƙasar Sin ko daga Dubai, saboda arahar da ake gaya masu. Arahar gaskiya ce a bakin shago. Amma sau da yawa kuɗin dako da na fito kan cinye ta kafin kayan su iso, alhali kuwa kuɗin karo-karo ne na jama'a ko na baitulmalin ƙaramar hukuma. Don haka muka ga ya dace mu yi wannan bayani.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, masu jiragen dako ba nauyi kaɗai suke dubawa ba, har da wurin da kaya ya cinye. Akwatin lasifika kuwa yawancinsa katako ne da iska. A jirgin sama, ana ninka tsawo da faɗi da tsayi a ma'aunin santimita, sannan a raba da 6,000. Akwati mai santimita 120 da 60 da 60 zai ba da kilo 72, kuma kuɗin kilo 72 za a biya ko da sikeli ya nuna 45. Wasu kamfanonin aika saƙo na gaggawa ma da 5,000 suke rabawa, abin da ke ƙara tsada. A ganinmu, jirgin sama na ƙananan kaya ne irin su makirufo, ba na akwatuna ba.

A jirgin ruwa lissafin ya fi sauƙi. Ana auna kaya da abin da 'yan kasuwa ke kira CBM, wato fili mai mita ɗaya ta kowane ɓangare, wanda ake ɗauka daidai da kilo 1,000. Akwatin da muka ambata bai kai rabin CBM ba, huɗu kuma ba su kai CBM biyu ba. Ƙaramar kwantena mai ƙafa 20 tana cin kusan CBM 33, saboda haka babu dalilin da zai sa masallaci ɗaya ya ɗauki kwantena guda. Ana haɗa kayan mutane da yawa a kwantena ɗaya, kowa ya biya gwargwadon wurinsa. Sai dai fa a yi haƙuri, domin tafiyar takan ɗauki makonni, kuma ba a rufe kwantena sai ta cika. Mai son kaya don tafsirin watan azumi ya fara shiri tun watanni kafin lokacin.

Akwai dabarar da ta fi wannan rangwame, wadda masu gyaran rediyo suka daɗe da sani. Abin da ke ba da sauti shi ne faifan lasifikar mai maganaɗisu da kuma amfilifaya. Idan aka sayo waɗannan kaɗai, tare da zanen ma'aunin akwatin daga kamfanin, kafinta a Jega zai haɗa akwatin da filawud mai kauri. An huta ke nan da biyan kuɗin dakon iska daga Sin zuwa Legas. Sharaɗin shi ne a bi ma'aunin sosai, don akwatin da aka yi da ka yakan ɓata sauti.

Batun takardu ne ke kayar da mutane da yawa. Kafin a loda kayan kasuwanci, ana buɗe Fom M ta hannun banki. Kayan lantarki kuma suna buƙatar takardar SONCAP, tsarin da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa ta fara a 2005. Tun 2013 Hukumar Kwastan ce ke fitar da rahoton kimanta kaya da ake kira PAAR, wanda da shi ake biyan kuɗin fito, ga kuma harajin VAT da ya koma kashi 7.5 cikin ɗari a 2020. Kayan da suka sauka Apapa ko Tin Can babu cikakkun takardu, kullum kuɗin ajiya na hawa kansu. Saboda haka a tambayi ejan a rubuce: farashin da ya faɗa ya haɗa da fito da fitarwa daga tasha, ko kuwa dakon teku ne kawai?

Game da biyowa ta Kwatano, muna tunatar da jama'a cewa an rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, kuma ta Kamba ba a buɗe ta ba sai a 2022. Wanda kayansa suka maƙale a irin wannan yanayi babu mai biyansa. Shigo da kaya ta ɓarauniyar hanya kuwa laifi ne, kwastan na da ikon ƙwace su.

Daga Legas zuwa gida, Allah ya hore mana wata dama. Motocin da ke kai albasar Aliero kudu suna neman lodin dawowa, kuma ta Ilorin da Kontagora da Yawuri suke biyowa su ratso Maiyama da Jega. A yi ciniki da direba ta hannun ƙungiyarsa, a ba shi kwafin takardun fito saboda shingayen hanya, a kuma rufe kayan da tamfol.

Har ila yau, a duba ƙarfin wuta. Tamu 230 ce, kayan Sin da Dubai sun dace da ita, amma na Amurka 120 ne, na Japan 100. Amfilifayar hannu da ɗan'uwa ya aiko daga can za ta iya ƙonewa nan take in ba a haɗa ta da taransifoma ba.

Muna kira ga jami'an ƙananan hukumomi da shugabannin kwamitoci da su haɗa dukkan waɗannan kuɗaɗe a takarda ɗaya, su kwatanta da farashin kasuwar Alaba ta Legas ko Sabon Gari ta Kano. In lasifika biyu ko uku ake bukata, galibi saye a gida ya fi, tun da ana gwada kaya a gaban mai saye kafin ya biya.