Rimin Zariya Da Araban Ikko Duk Itace Ɗaya Ne

Duk ɗan Arewa da ya kwana biyu a Ikko ya san Idi-Araba, unguwar nan ta wajen Mushin inda babban asibitin koyarwa na Jami'ar Ikko yake, inda kuma Hausawa suka daɗe da kafa zango. Amma ba kowa ne ya taɓa tambayar ma'anar sunan ba. To, da Yarabanci "idi" shi ne gindi, "araba" kuwa rimi. Watau dai Gindin Rimi ke nan. Ashe Bazazzagin da ya baro Rimin Tsiwa ko Rimin Doko, ya sha doguwar tafiya har bakin teku, a gindin rimi ya sake sauka, bai sani ba.

Ba abin mamaki ba ne a ce Bahaushe da Bayarabe sun yi tarayya a wannan al'ada. Kafin a zo da allon suna da lambar gida, babban itace shi ne kwatance. Nan fatake ke sauke kaya, nan kasuwa ke fara ci, nan dattawa ke sasanta rigima. In an daɗe sai wurin ya ɗauki sunan itacen. Haka aka sami Kasuwar Rimi da Rimin Gado a ƙasar Kano, da Unguwar Rimi a Kaduna. Can Barno ma, garin da Shehu Laminu ya kafa cikin 1814 sunan kuka ya ci, aka ce Kukawa. A Sakkwato kuwa, filin da rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta tsaya gaban Turawa cikin 1903 har gobe Giginya ake ce masa.

Sai dai rimi ya fi sauran shiga zuciyar masu fasaha. Adon gari ake yi masa kirari, kuma maroƙi in zai wasa basarake, da wuya bai kamanta shi da rimi ba, don tsawonsa da kaurin gindinsa da yadda ake hango shi tun daga nesa. Audugarsa ce ake cusawa cikin lifidi, wanda ke kare doki da mahayinsa daga kibiya a zamanin yaƙi, yanzu kuwa sai a hawan salla ake ganinsa. Masassaƙan bakin ruwa suna fafe gangar jikinsa su yi kwalekwale, domin ba shi da nauyi.

Rimin da ya fi kowane suna a Afirka ta Yamma shi ne na Firitawun, babban birnin Saliyo. Labarin da mutanen garin suka gada shi ne, 'yantattun bayin da suka sauka can cikin 1792 a ƙarƙashinsa suka taru suka yi addu'ar godiya. Daga bisani, da jiragen Ingila suka shiga tare jiragen masu fataucin bayi a kan teku, sai aka riƙa sauke waɗanda aka ƙwato a wannan gari, cikinsu har da Hausawa. Watau akwai kakannin wani da aka kama a ƙasar Hausa, suka ƙare kwanakinsu suna gilmawa ta inuwar wannan rimi. Masu zane sun yi ta zana shi, gwamnati ma ta buga hotonsa a takardun kuɗin ƙasar. Ran 24 ga watan Mayu, 2023, aka yi ruwa da iska mai ƙarfi da dare, rimin ya karye. Kashegari mutane suka yi ta tururuwa zuwa wurin kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa.

Abin da ya sa Saliyo ba ta yi hasarar kome da kome ba shi ne, tun itacen yana tsaye aka zana shi, aka rubuta labarinsa. A nan ne ake bar wa Arewa baya. Rimayen Zariya sun ragu ƙwarai, waɗansu tsufa ya kayar, waɗansu gatari da zarto, don a faɗaɗa titi ko a fitar da fili. Da yawansu sun tafi ba wanda ya ɗauki hotonsu, balle a zauna da tsofaffin unguwa a rubuta abin da aka yi a gindinsu. Itace dai ba ya magana. Shaida ne wanda sai an sami mai yi masa tafinta, tafintocin kuwa su ma kwana suke ƙarewa.

Wanda yake son ganin yadda ake riƙe irin wannan amana, ba sai ya je Saliyo ba. Daga Ikko mota ɗaya ce zuwa Badagiri. Can akwai wani itace da mutanen garin ke kira Agiya, wanda a gindinsa ne Thomas Birch Freeman ya yi wa'azin addinin Kirista cikin 1842. Hadari ya kayar da shi cikin 1959. Mutanen Badagiri ba su bar wurin ya ɓace ba, sai suka gina ginshiƙi daidai inda yake tsaye a da, suka rubuta tarihinsa a jiki. Har yanzu malamai suna kai 'yan makaranta su karanta.