Ciwon Kan Da Ake Ɗora Wa Aljanu



Yau da tattabara zan fara. E, tattabarar nan da yara ke kiwo a bayan ɗaki. A busasshen kashinta, da cikin ƙasa da ruɓaɓɓen itace, akwai wata ƙwayar cuta dangin funfuna da likitoci ke kira kiriftokokus. Da yawanmu mun shaƙe ta tun muna yara, garkuwar jiki ta danne ta, ba mu ma sani ba. Don haka kada kowa ya je ya yanka tattabarunsa!

To amma mai kanjamau da garkuwarsa ta rushe, ƙwayoyin garkuwar da ake kira CD4 suka sauka ƙasa da 100, sai ƙwayar cutar nan ta bi jini ta haura kai. Sanƙarau ke nan, amma ba irin na bazara mai kayar da mutum a yini ɗaya ba. Wannan sanɗa yake yi. Ciwon kai mako biyu, mako uku. Ciwon kai, jama'a, wanda ba ya jin magani. Ido ya ƙi haske, sai amai, sai sambatu, har mutum ya kasa gane matarsa. A gida kuwa a ce iska ce, ko sammu, a kama hayaƙi da tofi. Ni ban hana addu'a ba, amma ruwa ne ya taru yana matse ƙwaƙwalwa. Likita kan sa allura a gadon baya ya rage shi, ciwon ya sassauta. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙarin ruwan maganin amfoterisin sau ɗaya tak, a bi shi da ƙwayoyin sha.

Ita kanta ƙwayar kanjamau tana shiga ƙwaƙwalwa. A 1986 likitoci a Amurka suka bayyana alamunta: mantuwa, sanyin jiki, tafiya da tangaɗi. Akwai kuma cutar da ake ɗauka daga kashin kyanwa ko naman da bai dahu ba, mai kawo wa masu kanjamau farfaɗiya. Ga zugin tafin ƙafa, ga baƙin cikin da kan sa wasu barin magani.

 Duk mai ɗauke da cutar kanjamau da ciwon kai ya ƙi sakinsa, ko halinsa ya sauya, don Allah a kai shi asibiti yau, kada a jira gobe.