Ƙarfe a Jiki, Ƙwayar Cuta a Ƙarfe

Ƙarfen ƙugu, robar fitsari, na'urar daidaita bugun zuciya, jijiyar roba: duk jini ba ya ratsa jikinsu, don haka sojojin jiki ba su da ta cewa sosai a kansu. Nan ƙwayar cuta take samun sakewa.

A 1957, masu bincike Elek da Conen a Ingila suka gwada hakan a fatar masu sa kai. Sai an zuba miliyoyin ƙwayoyin Staphylococcus kafin maruru ya fito. Da aka haɗa da ɗan zaren ɗinki na siliki, kusan 100 kacal suka isa.

Da zarar sun samu wurin zama, sai su lulluɓe kansu da wani yauƙi kamar gansakukar jikin randa. A cikinsa suna iya jure maganin da ya ninka na kullum har sau 1,000. Shi ya sa wani lokaci likita kan ce ba makawa sai an cire ƙarfen.

Mai laifin ma galibi ɗan gida ne. Ƙwayar da ke kawo ƙurajen fuskar samari ita ce ta shahara wajen lalata dashen kafaɗa, kuma tsabar nawarta, sai a yi mako 2 ana jira ta bayyana a ɗakin gwaji.

Jakar fitsarin majinyacin da roba ta daɗe a jikinsa wani lokaci takan koma launin shuni. Masu jinya su firgita, alhali ƙwayoyin cuta ne suka sarrafa wani sinadarin fitsari ya zama baba, irin dai wanda ake rini da shi a marinar Ƙofar Mata. Yawanci canza roba da jaka ne matakin farko.

John Charnley, gwanin dashen ƙugu a Ingila, ya sa aka yi masa rumfar tatacciyar iska a ɗakin tiyata a shekarun 1960, ya kuma rufe ma'aikata da sutura ruf har kai. Kamuwa ta sauko daga kusan 9 cikin 100 zuwa kusan 1.

A Amurka kuwa, wani dattijo ya sha fama da ƙwayar Pseudomonas a jijiyar robar da aka dasa masa a ƙirji, magunguna suka gaza. A 2016 likitocin Jami'ar Yale suka zuba masa wani bairos mai cin ƙwayoyin cuta, haɗe da magani, ciwon ya lafa. Daga ina aka samo bairos ɗin? Daga ruwan wani ɗan tafki a jihar Connecticut.