Tsiron Da Aka Ce Ya Fito Daga Jinin Mayaƙa

A Ingila akwai wani tsiro da ake kira danewort, wato ciyawar mutanen Denmak. Tatsuniyar mutanen ƙasar ta ce ya tsiro ne a filayen da aka zubar da jinin mayaƙan Denmak da suka kawo musu hari a zamanin da. Ganyensa kan koma ja idan kaka ta shigo, kuma wannan jan ne ya ba labarin ƙarfi. Masana kimiyya kuwa suna kiransa Sambucus ebulus, sunan da Carl Linnaeus ya raɗa masa a shekarar 1753.

Asalinsa kudanci da tsakiyar Turai ne, da Turkiyya da Iran. Tsayinsa mita 1 zuwa 2. Ba ya yin itace: kararsa tana bushewa duk hunturu, sai saiwar da ke rarrafe a ƙarƙashin ƙasa ta sake tofowa idan sanyi ya wuce. Wannan saiwa ce ke wahalar da masu lambu, domin idan aka dasa shi a fili kaɗan, cikin 'yan shekaru sai ya mamaye wurin. Duk da haka ana son sa saboda furanninsa farare da ke taruwa kamar faifai, da 'ya'yansa baƙaƙe masu sheƙi. Ganyen kuma, idan ka murza shi, wari yake yi, shi ya sa a da ake baza shi don korar ɓeraye.

Amfani da shi ya daɗe. Dioscorides, likitan Girka na ƙarni na farko, ya ambace shi cikin littafinsa na magunguna. A arewacin Iran, mutanen karkara kan murza ganyen su shafa a inda ƙudan zuma ya harba ko inda ciyawa mai ƙaiƙayi ta taɓa. A Turkiyya ana ɗora shi a kan gaɓoɓi masu ciwo da kuma rauni. Daga 'ya'yan ana samun ruwan rini mai launin shuɗi, har da tawadar rubutu.

Sai dai inda maganin yake, nan dafin yake. Ɗanyen 'ya'yansa na sa amai da gudawa, kuma masana sun gano wani sinadari mai guba a jikinsa da suka kira ebulin. Haɗarin ya ƙaru ne saboda yana kama da ɗan'uwansa Sambucus nigra, wanda Turawa ke dafa 'ya'yansa su yi abin sha. Mai tsinka a daji zai iya rikita su.

To, ta yaya ake bambancewa? Ɗan'uwan bishiya ce mai ɓawo, tana iya kai mita 6, kuma 'ya'yanta idan sun nuna sukan rusuna ƙasa. Na danewort kuwa a tsaye suke, suna kallon sama, a kan kara mai taushi. Kan zaren furensa ja-ja ne mai duhu, na ɗan'uwan kuwa rawaya ne.

Ɗalibai, ku lura: kama da wane ba ta wane. Mai nazarin tsirrai kan duba kara da fure da yadda 'ya'ya suka tsaya kafin ya faɗi sunan tsiro, balle ya kai shi baki.